Hanyar Birnin Gwari da Shirin Sufuri na Kaduna

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, don a bayyana musu abin da ake nufi da shirin sufuri, da kuma yadda ya shafi ƙasar Birnin Gwari.

MENE NE SHIRIN SUFURI?

Shirin sufuri shi ne a zauna tun da wuri a auna inda mutane suke fitowa da inda suke nufa, sa'an nan a tsara hanyar dogo da ta mota da tashoshi yadda kowace za ta miƙa wa 'yar'uwarta fasinja da kaya. Irin wannan shiri ba ya tsayawa a bakin gari, gama birni ba ya noma abin da yake ci. Kaduna ta san wannan aiki tun 1967, lokacin da Bature Max Lock da abokan aikinsa suka fitar da tsarin garin na shekara 50.

INDA DOGO YA BI

Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Baro ta bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ta isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Watau dogo ya wuce Birnin Gwari ta kudu, ya kuma wuce ta ta arewa, bai taka ta ba. Sabon dogon da aka buɗe a 2016 tsakanin Abuja da Kaduna shi ma a Rigasa ya tsaya.

Saboda haka duk buhun masara ko saniyar da za ta bar ƙasar zuwa Kaduna sai ta hau mota, ta bi ta Udawa da Buruku har Mando, tafiyar kimanin mil 75. Hanyar nan ita ce dogon mutanen Birnin Gwari. A shekarun da 'yan fashi suka yi sansani a dajin Kamuku da kewayensa, direbobi suka ƙaurace mata, amfanin gona ya rasa mai saye, abinci kuwa ya yi tsada a birni. Sai a watan Nuwamba na 2024, bayan an yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin. Jirgi komai kyansa ba ya amfanin manomin da ba shi da hanyar zuwa tasha.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA HAKIMAI

Injiniya ba ya zana hanya sai da lissafi, lissafin nan kuwa yana hannun masu ƙasa. Don haka:

1. Malamin hakimi ya riƙa rubuta yawan motocin da suke tashi ran kasuwa, da irin kayansu, da inda suka nufa.

2. A rubuta gadoji da kwalbatocin da ruwa yake cinyewa da damina, da yawan kwanakin da hanya take yankewa.

3. Filin da aka keɓe domin hanya ko tasha kada a yanka wa kowa, ko gona ko gida. Rushe gini da biyan diyya ya fi hana shi tun farko wuya.

4. A faɗi gaskiya, kada a ƙara, kada a rage. Lissafin ƙarya yakan kai hanya inda babu masu binta.

Gundumar da ta aiko da lissafi sahihi ita ake tunawa da ita ranar rabon aiki. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.