Wa Ya Riƙe Shaf ɗin A-kori-kura?

Ga kacici-kacici, mai karatu: babu noti a jikinsa, babu ƙusa, ba a yi masa walda ba, amma ƙarti uku sun ja har sun gaji, ya ƙi ko motsi. Mene ne ya riƙe shi? Kada ka yi saurin ba da gari. Biyo ni gareji mu bincika tare.

Motar a-kori-kura ce, 'yar gidan Peugeot 504, samfurin da ya fara fitowa a Faransa a 1968, aka kuma yi ta harhaɗa shi a Kaduna har zuwa 2006. Ta tsufa tana jigilar buhunan hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwar Dawanau. Ƙorafin mai ita ɗaya ne: wani ƙugi daga baya, da ke ƙaruwa in an taka wuta, ya sauya murya in an sha kwana. Oga bakanike ya ɗaga ta, ya juya tayar dama da hannu, ya kasa kunne. "Alhaji, boris ne," in ji shi. "Kafin la'asar ka ɗauki motarka."

Aikin ba baƙo ba ne. A cire taya, a cire duram ɗin birki, a kwance notunan farantin da ke danne boris a bakin aksul, sai shaf ya zaro da boris ɗinsa a jiki. Duk an yi haka. Yaron gareji ya kama, ya ja. Shiru. Oga ya kama, ya ja. Shiru.

Wanda aka fara zargi shi ne birki. Sau da yawa wayar birkin hannu kan ƙage, lainin birki ya cije duram, a yi zaton shaf ne ya ƙi. Amma ga duram can a ƙasa, ya fita salin-alin. Babu abin da birki zai ciza. Muka sallame shi.

Sai wani tsohon direba da ke zaune a benci ya ce akwai makulli a ciki. Maganarsa tana da tushe. A yawancin tsofaffin motocin Amurka, irin su Chevrolet, akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar kofaton doki da ke kama ƙarshen shaf a cikin tukunyar giya ta tsakiyar aksul. In ba ka buɗe ka cire shi ba, ko shekara za ka yi kana ja, ba zai fito ba. Sai dai irin wannan shaf yana da ɗan wasa: ka tura ya ɗan shiga, ka ja ya ɗan fito. Namu ko gezau. Kuma motar da aka ba faranti a bakin aksul ba ta da buƙatar wannan makulli. Zargi na biyu ya faɗi.

Na uku ya fi tayar da hankali. Oga ya dubi mai mota. "Alhaji, buhu nawa kake loda mata?" Alhaji ya kau da kai. Lodin da ya wuce kima, ga fizga a cikin yashi ko taɓo, yana iya murɗe haƙoran da ke ƙarshen shaf, su sarƙe a cikin giya. In haka ne, kuɗi za su yi kuka. Amma Oga ya girgiza kai: shaf mai murɗaɗɗun haƙora yakan ɗan fito kafin ya cije. Wannan bai ba da ko kaurin gashi ba. Ashe mai riƙon ba a can ciki yake ba. Yana nan kusa, a bakin ƙofa.

"Kawo tasa," in ji Oga. Aka kwance notin tsiyayar da man giya.

Ba mai ne ya fara zubowa ba. Ruwa ne. Bayansa wani abu mai kauri ya biyo, fari-fari kamar kunun gyaɗa. Gareji ya yi tsit.

Yanzu an san maƙiyin: tsatsa. Zoben waje na boris yana zama daram a cikin mazauninsa, kusan babu tazara tsakaninsu. Idan ruwa ya kwana a wurin, tsatsa ta fito, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta cike ɗan sararin, ta haɗe ƙarfe biyu su zama ɗaya.

Aka sauke motar a kan tsayayyun ƙarafa, don ba a yin irin wannan kokawa mota tana kan jak kaɗai. Aka fesa man narka tsatsa, aka bar shi ya ratsa. Aka kifa duram, aka mayar da shi kan shaf da notuna uku sako-sako, ya zama gudumar fizga. Fizga ta farko, banza. Ta goma, banza. Oga ya kawar da bututun man birki, ya kare tankin mai, ya zagaya bakin aksul da wutar gas domin mazaunin ya buɗa. Ya ajiye wuta. "Ja!"

Ƙas!

Wani jan. Ya ɗan leƙo. Wani kuma. Shaf ya zaro, jar ƙura tana zuba daga bakinsa.

Kana zaton an gama? Saura babbar tambaya: ta ina ruwa ya shiga wurin da aka rufe ruf domin mai?

Yaron ya ce masu wankin mota ne. Amma wannan motar ta fi sanin ruwan sama da na bokiti. Alhaji ya ce sil ne, wato zoben da ke tare mai a bakin aksul, ya yage. Oga ya ciro shi, ya juya shi a rana: ya tsufa, amma bai yage ba. Sai ya kwanta a ƙarƙashin motar, yana shafa saman aksul da hannu. Ya tsaya. Ya kankare wani dunƙulen busasshen taɓo. A ƙarƙashinsa ga wani ɗan bututu da bai kai ɗan yatsa ba, a toshe tam.

Wannan ita ce kafar numfashin aksul, kuma a nan asirin yake. Idan mota ta yi doguwar tafiya da lodi, mai da iskar da ke cikin aksul sukan ɗauki zafi. Iskar da ta tashi daga digiri 20 zuwa 80 tana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin biyar, dole ta nemi mafita. In kafar a buɗe take, sai ta fice ta nan. In a toshe take, sai ta kutsa ta gefen sil. Daga nan direba ya iso rafi da damina, ya tsunduma aksul mai zafi cikin ruwan sanyi. Nan take iskar ciki ta tsuke, aksul ya nemi abin da zai zuƙa ya cike gurbin. Kafa a toshe, sai ya zuƙa ta hanyar da iskar ta fita. Abin da ke bakin sil a wannan lokaci kuwa ruwa ne, kuma boris ne maƙwabcin sil. Kowace ƙetarawa da ɗan kurɓinta, damina bayan damina, har ruwa ya wanke giris, ƙwallayen boris suka ƙwarzabu suka fara ƙugi, tsatsa kuma ta kulle ƙofa.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. An sayo boris da sil a Ƙofar Ruwa, aka sa boris da injin matsewa, ba da guduma ba, domin duka yana lotsa shi tun kafin ya fara aiki. Aka goge mazaunin da samfefa, aka shafa giris, aka yi wa ɗaya gefen haka, aka zuba sabon man giya, aka wanke kafar numfashi har iska ta wuce.

Don haka, ɗan'uwa direba, duk lokacin da aka ɗaga motarka, ka sa a duba wannan 'yar kafa. In ka ƙetare ruwa mai zurfi, ka duba launin man giya kafin ka sake lodi. In kuma ka ji ƙugi daga baya, ka kai ta gareji a makon, kada ka jira boris ya ƙage da kai a kan hanya.