Neman gudummawar aikin bishara da tsohon ciki: wa zai faɗi abin da kunya ta hana faɗi?

Wata ranar Litinin, bayan na gama shirin safe a gidan rediyo, na bi ta babbar kasuwar Maraɗi domin in yi cefane. A rumfar wata dattijuwa mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli na tarar da wata matashiya zaune bisa kujera ƴar tsugunno, tana rubutu cikin wani ɗan littafi. Ƙafafunta sun kumbura, ko ba a gaya maka ba ka san tana da juna biyu, kuma watanni sun yi nisa. Na ɗauka uwar adashi ce ta zo karɓar zubi. Ashe matar wani mai bishara ce, wato malamin Kirista da ikkilisiyarsu za ta tura wani ƙauye can wajen Dakoro.

Abin da take rubutawa alkawura ne. Wance za ta riƙa ba da dala ɗari kowane wata, wance jikka guda, wance kuma tiya biyu ta hatsi in kaka ta yi. Mijin yana bin maza a shaguna da majami'u, ita kuma tana bin mata rumfa rumfa.

Masu karatu da yawa sun ɗauka duk mai aikin mishan albashi ne ke faɗo masa daga ƙasar waje. Ba haka abin yake ba. Ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta zauna Tsibiri, sannan ta buɗe likitan Galmi a 1950. Tsarin irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne kowane ɗan mishan ya zagaya majami'un ƙasarsu, ko Amurka, ko Kanada, ko Ingila, ya samo mutanen da za su ɗauki nauyinsa kafin ya taso. Mai bishara ɗan ƙasa shi ma da baikon ikkilisiya yake rayuwa, da ƴar gonarsa, da abin da matan zumunta suka tara. Su kuwa matan zumunta da yawansu ƴan kasuwa ne kamar ku, masu ƙosai, masu tuwon sayarwa, masu koli.

Amma akwai bambanci guda babba. Bature yana rubuta lissafinsa dalla-dalla: gida, abinci, kuɗin jirgi, inshorar lafiya, lakkol ɗin yara. In matarsa ta samu ciki, sai ya sanar cikin wasiƙar da yake aika wa masu taimakonsa, a ƙara kuɗin haihuwa bisa lissafi, ba wanda zai ga baƙinsa. Mu nan kuwa ciki ba abin shela ba ne, balle cikin fari.

Da na nemi izini na duba littafin matashiyar, na ga kuɗin motar kai kaya, da kwanon rufin ɗakin sujada, da gyaran babur, da kuɗin Littafi Mai Tsarki na Hausa da za a raba. Ko layi guda babu na haihuwa. Na tambaye ta dalili, sai ta sunkuyar da kai. Dattijuwar ce ta amsa mini, ta ce mijin yana tsoron kada a ce ya fake da aikin Allah yana tara kuɗin suna, ita kuma yarinyar kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ba.

To, kunya ado ce, amma ba ta biyan kuɗin mota ranar naƙuda. Gaskiya ne a 2005 gwamnatin Nijar ta yi dokar yin tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 kuma ta ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Sai dai dokar ba ta ɗauki hayar amalanke ko mota daga ƙauye zuwa likita ba, ba ta ɗauki abincin masu jinya ba, ko maganin da za a rubuta maka ka sayo waje in ya ƙare a likita, balle itacen wankan jego na kwana 40.

Ga kuma lafiyar ita mai cikin. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mace ta ga ma'aikatan lafiya sau 8 kafin ta haihu, maimakon sau 4 na da. A wurin awo ne ake duba hawan jini, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wanda ake fara sha bayan wata uku na farko. Matar da ke yawon kasuwa cikin rana tun safe har la'asar, yaushe za ta bi layin awo? In kuma naƙuda ta same ta a ƙauyen da ke nesa da likita, ta kwana biyu ko uku tana fama, abin da kan biyo baya shi ne rasa jariri ko yoyon fitsari. Cibiyar gyaran masu wannan lalura da aka buɗe a Danja a 2012, nan kusa da Maraɗi, shaida ce cewa matsalar tana cikinmu.

Abin da dattijuwar ta yi a gabana shi ya sa na rubuta wannan labari. Ta ce mata, ɗiyata, miƙo littafin nan. Ta juya sabon shafi, ta sa aka rubuta a sama cewa wannan na haihuwa ne, dabam da na aikin bishara. Ta ce duk macen da ta daɗe a kasuwa ta san ba a ɗaure uwar kuɗi da kuɗin cefane a bakin zane guda, in ka haɗa su sai ka cinye jari ba ka sani ba. Ta ce daga yau ita da wata tsohuwa cikin zumunta su za su yi yawon, tun da su babu kunyar ɗan fari a kansu, ita kuma ta je awo ta dawo gida ta miƙe ƙafa. Yarinyar ta ce, to Inna, na gode.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a rumfar da ke kusa tana jin duk abin da ake yi. Shafin farko bai shafe ta ba, kuma ba wanda ya nemi ta sa hannu a ciki. Amma da aka buɗe na biyu, sai ta ce a rubuta mata sabulu da turmin zane, domin jego na unguwa ne duka. Da ba a raba shafin ba, da wannan alheri bai samu ƙofar shiga ba.

Saura magana guda, wadda har na baro rumfar ba a yanke ta ba. Mijin yana son su isa ƙauyen kafin ruwan shuka, don in ya rasa damina ya rasa abincin shekara. Dattijuwar kuwa ta kafe cewa shi ya tafi, amma matar ba ta barin gari sai ta yi arba'in. Shugabannin ikkilisiya ne za su zauna a kai, kuma ya kamata duk wata ƙungiya mai tura ma'aikaci ƙauye ta riƙa yin wannan lissafi tun kafin a ɗaura kaya.

Ku kuma mata ƴan kasuwa, in an kawo muku irin wannan littafi, ku ba da abin da kuka yi niyya, amma ku dubi wadda ta kawo shi, ku tambaya ko an buɗe mata nata shafin. Allah shi sauke ta lafiya.