Faci ko Sabuwa: Tsohuwar Fomeka a Cikin Motar Westfalia

Duk wanda ya san tsofaffin danfo na Legas ya san jikin wannan mota, ko da bai taɓa jin sunan Westfalia ba. Bas ce ƙirar Volkswagen mai inji a baya, injin da iska ke sanyaya shi ba ruwa ba. Mu nan fasinja muka cusa mata, Jamusawa kuwa ɗaki suka gina a cikinta. Tun 1951 kamfanin Westfalia da ke garin Wiedenbrück a yammacin Jamus ya fara saka wa waɗannan motoci gado mai naɗewa da tebur da kabad, daga baya aka ƙara wurin wanke-wanke da murhun gas da rufin da ake ɗagawa ya zama tanti. Iyali su ɗauki hanya lokacin hutu, inda dare ya yi nan ne masauki. Sojojin Amurka da aka girke a Jamus sun saye su da yawa sun koma da su gida, shi ya sa har yau Kalifoniya take cike da su kamar yadda Jamus da Ingila suke.

Cikin waɗanda ake nema yanzu akwai ƙirar da aka yi a Jamus daga 1967 zuwa 1979, masu faffaɗan gilashin gaba guda ɗaya. Ƙaramar cikinsu ta haura shekara 45. Bakanike yana iya tayar da inji, mai walda ya yanke tsatsa ya ɗora sabon ƙarfe, mai fenti ya mayar da ita kamar jiya ta fito. Sai an buɗe ƙofar gefe an leƙa ciki sannan gardama take tashi. Fomekar da aka lulluɓe kabad-kabad da ita, mai zanen katako ruwan ƙasa, ta ɗaga a baki, ta ɓantare a kusurwa, ta kumbura kusa da famfo. Nan masu waɗannan motoci suka rabu gida biyu. Wasu su ce a lallaɓa ta asali a manne ta a cike gurbinta. Wasu su ce a ɓare duka a shimfiɗa sabuwa a huta.

Kafin a raba wannan gardama sai an san abin da ake gardamar a kai. Mai karatu ya san fomeka, don ya gan ta a gadaje da kabad na ɗakin amare da teburan mai shayi, amma ba kowa ya san takarda ce ba. Takardu ne masu kauri ake jiƙa su da ƙaro na masana'anta, a jera su bisa juna, a ɗora takarda mai zane a sama wadda aka jiƙa da wani ƙaron mai haske, sannan a matse su da ƙarfi cikin zafin da ya kai kusan digiri 150 har su zama fallen guda mai tauri. Injiniyoyi biyu na kamfanin Westinghouse, Daniel O'Conor da Herbert Faber, su suka kafa kamfanin Formica a Cincinnati ta jihar Ohio a 1913, kuma da farko kayan tare wutar lantarki suke yi da ita. Sai daga baya ta shiga kicin da falo.

Tunda takarda ce, tana shan laima ta buɗe, ta bushe ta tsuke. Filawud ɗin da ke ƙarƙashinta shi ma haka yake yi, sai dai ba tare suke motsawa ba, kuma gam ne a tsakani yake ɗaukar wahalar. A cikin gida wannan ja-in-ja tana tafiya a hankali. A cikin mota kuwa abin ya fi tsanani nesa ba kusa ba: da rana a rufe zafin ciki yakan wuce digiri 60, da dare mutane biyu ko huɗu su kwana suna numfashi raɓa ta sauka a bango, ga tururin girki, ga girgizar hanya. Gam ɗin da ya jure wannan shekara arba'in ya yi ƙoƙari, ba a ce ya gaza ba.

Masu faci suna da hujja guda wadda ta fi sauran nauyi: yawancin abin da ido ke gani a matsayin lalacewa gam ne ya mutu, fomekar lafiyarta ƙalau. Idan baki ne ya ɗaga, aikin farko shi ne a leƙa ƙarƙashi. In tsohon gam ɗin rawaya ne mai danƙo, irin na roba da kafintocinmu ke kira Evostik, sau da yawa zafi kaɗai yana farfaɗo da shi. A shimfiɗa tsumma, a ɗora dutsen guga mai matsakaicin zafi, a yi ta zagayawa da shi, sannan a danne da katako har wurin ya huce. Sai dai a yi hattara, zafi in ya yi yawa fuskar fomeka takan yi bororo, kuma wannan ba shi da magani. In kuwa gam ɗin ya zama gari, ba dutsen gugar da zai tashe shi. Sai a zura siririyar wuƙa a kankare shi tas, a hure ƙurar, domin sabon gam ba ya kama tsoho.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure wajen zaɓen gam. Hannu yakan tafi kai tsaye ga gam ɗin roba, tunda shi aka sani da fomeka. Amma shi wannan gam sharaɗinsa a shafa wa fuska biyu, a bar su a buɗe su sha iska har su daina kama yatsa, sannan a haɗa. Yaya za a yi haka a ɓarakar da ba ta wuce faɗin farce ba? In an ce a ɗaga fomekar sosai don iska ta shiga, tsohuwar fomeka ba ta lanƙwasuwa, tsagewa take yi kamar ƙwarya. Don ƙaramar ɓaraka farin gam na katako ya fi, wanda ba ya jin ruwa. A zuba shi cikin sirinji a tura can ciki, a matsa har ya ɓullo ta baki, a goge, a sa leda don kada ya kama katakon dannewa, a ɗaure da ƙarfen matsi a bar shi kwana guda. In kumburi ne a tsakiyar allo, gwanaye ba sa taɓa fuskar ko kaɗan. Ta baya suke huda filawud da siririn ƙarfe, su tsaya daidai inda katako ya ƙare, su tura gam ta nan.

Ɓantarewa ta fi wuya. Ƙaramin gurbi ana cike shi da abin cike mai launi, akwai wanda aka yi don fomeka musamman mai suna SeamFil, a gauraya launuka har a dace, sannan a zana jijiyoyin katakon da siririn buroshi. Babban gurbi sai faci, kuma dabarar da ta fi burge ni ita ce inda ake samo ƙyallen facin: daga jikin motar kanta. Akwai fuskokin da ba mai ganinsu, gefen kabad da ke manne da bango, ko ƙarƙashin kujera. A ɓaro ɗan yanki daga can, a yanke shi yadda zanensa zai bi zanen wurin da za a toshe. In an yi shi da kyau, sai wanda aka nuna wa ne zai gani. Amma zai gani. Mai faci da ya ce aikinsa ba ya barin alama bai faɗi gaskiya ba.

Wannan alama ita ce makamin ɗaya ɓangaren. Suna cewa: ka kashe kuɗi ka yi wa mota sabon fenti da sababbin kujeru, sannan ka bar kabad mai tabo? Kuma gam ɗin da ya saki a wannan kusurwa bana, baɗi zai saki a waccan, tunda rana ɗaya aka shafa su. Maganarsu da ƙamshin gaskiya. Wanda zai zauna cikin motar wata da watanni, yana girki yana wanke-wanke, yana da haƙƙin ya so fuskar da zai goge da soso ba tare da fargaba ba.

Sai dai sabuntawa ba ta da sauƙin da ake zato. Dole a kwance kabad ɗin gaba ɗaya a fito da su, a ɗauki hoton kowane sukuru da hinjis kafin a cire. A bi tsohuwar fomekar da zafi da abin kankara, kuma sau da yawa takan taso da fatar filawud ɗin, sai an cike an bi da sanfefa. Sabon fallen, wanda yawanci yake zuwa ƙafa 4 da ƙafa 8, a ajiye shi kwana biyu tare da katakon su saba da iska ɗaya. A yanka da ɗan rara, a shafa gam ɗin roba fuska biyu, a jira kamar minti 15 zuwa 20, a jera sanduna a tsakani don kada su haɗu kafin a daidaita, sannan a zare sandunan ɗaya bayan ɗaya ana murzawa daga tsakiya zuwa baki. Dama ɗaya ce. In ya karkace ya karkace ke nan. Ga shi tururin wannan gam yana kama wuta yana kuma juya kai, don haka a fili ake aikin, ba cikin motar da tukunyar gas take ba. Ƙofa kuma in an lulluɓe fuska ɗaya aka bar bayanta tsirara, ba ta daɗewa take bauɗewa, domin gefe ɗaya ne ke shan laima.

Duk wannan ƙwararren kafinta zai iya. Abin da ba ya hannunsa biyu ne. Na farko kauri. Fomekar da ake sayarwa don teburin kicin takan kai milimita 1.2, ta bango da ƙofofi kuwa wajen 0.7. Rabin milimita ba komai ba ne a baki, amma kabad ɗin Westfalia an yi su ne da siririn filawud mara nauyi, saboda injin 1600 da ke jan da yawa daga cikinsu ƙarfinsa bai wuce doki 50 ba, kuma an auna komai cif. Bakin allunan da yawa roba ce mai ƙafa da ake cusawa cikin tsaga. Ka ƙara kauri a fuska, robar ta kasa rufe bakin, ƙofa ta fara gogar firam, makulli ya ƙi shiga.

Na biyu launi. Akwai 'yan kasuwa a Turai da Amurka da ke buga fomeka mai kwaikwayon zanen Westfalia na da, wasu kuma sun kusa ƙwarai. Amma sun kwaikwayi launin ranar da motar ta fito ne, alhali wadda ke cikin motar rana ta yi shekaru tana cinta, gefen taga ya koɗe, lungu ya yi duhu. Sabuwar ƙofa guda a tsakiyar tsofaffi ta fi kowane tabo tsone ido. Saboda haka wanda ya ce zai sabunta allo ɗaya, ya sani ya ɗauko aikin motar duka ne. Ita kuwa ledar nan mai gam a baya da ake mannawa, ba ta cancanci a daɗe a kanta ba: bazara ɗaya ta ishe ta ta tattare.

Akwai kuma maganar kuɗi, ko da masu son motar ba sa son a fara da ita. Tsofaffin bas na Volkswagen sun zama kayan masu tarawa. A 2017 an sayar da wata ƙirar 1965 mai taga 21 a gwanjon Barrett-Jackson da ke Arizona kan sama da dala 300,000. Ba motar kwana ba ce, kuma yawancin Westfalia ba su kusa da wannan farashi, amma ɗabi'ar masu saye ɗaya ce: sukan fifita kayan ciki na asali mai ɗan tabo a kan sabo mai sheƙi. Ana iya sabuntawa a kowace shekara aka ga dama. Wadda aka ɓare aka zubar ba ta dawowa.

Ni dai ina bayan masu faci, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ba a fuskar fomeka yake ba. A ɗauki sukundireba a danna katakon ta baya, musamman ƙasan kabad ɗin wanke-wanke, da kewayen akwatin ƙanƙara, da duk allon da ke ƙarƙashin taga. In ya yi tauri, fomekar da ke kansa ta cancanci a lallaɓe ta komai muninta. In ƙarfen ya nutse, ko filawud ɗin ya rabu falle-falle, ko ya yi baƙi yana warin fumfuna, to ɓangarorin biyu duk sun faɗi, domin ba tsohuwa ba sabuwa da za ta zauna kan ruɓaɓɓen katako. A irin wannan hali sai a kwance allon a ɗora shi kan sabon filawud mai kauri ɗaya a zana a yanka. In tsohuwar fomekar ta yarda ta ɓaru lafiya da zafi da haƙuri, a mayar da ita kan sabon katakon. In ta ƙi, a sa sabuwa a wurin da ido bai cika kaiwa ba, a adana gutsattsarin tsohuwar don facin gaba.

Kafin a mayar da ko allo ɗaya cikin motar, a nemo ta inda ruwan ya shigo. Yawanci robar taga ce ta bushe ta tsattsage, ko robar rufin da ake ɗagawa, ko tiyon famfo da ke ɗiga a bayan kabad. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, wani ya bi jikin motar da tiyon ruwa daga ƙasa zuwa sama, taga bayan taga, yana dakatawa minti biyu ko uku a kowace kafin ya matsa gaba.