Ramin Da Aka Haƙa Domin Kyan Dutse A Ƙasar Ingila

A arewacin Ingila, cikin kwarin Weardale na gundumar Durham, akwai wani ɗan ramin ma'adinai mai suna Rogerley, kusa da ƙauyen Frosterley. Shekaru aru-aru mutanen wannan kwari suna cin abinci da haƙar dalma, daga bisani kuma suka koma ga wani dutse da ake kira fulorait, wanda masana'antu ke zubawa cikin tanderu domin ya sauƙaƙa narkar da ƙarfe. Amma shi wannan rami an buɗe shi ne saboda masu tara duwatsu da gidajen adana kayan tarihi, waɗanda kyan dutse kaɗai suke saye.

A farkon shekarun 1970 ne wasu masu sha'awar duwatsu suka gano jijiyar fulorait a jikin wani tsohon wurin fasa dutse da aka yi watsi da shi. A shekarar 1999, watau shekarar da aka rufe babban ramin fulorait na ƙarshe a kwarin, sai wasu Amurkawa suka karɓi aikin, suka riƙa zuwa kowace shekara a watannin zafi har zuwa 2016.

Abin da ya fitar da sunan wurin shi ne launin dutsensa. A cikin ɗaki kore ne shar, amma da zarar an fito da shi rana sai ya rikiɗe ya yi shuɗi. Irin wannan hali na fulorait ne ya sa masani George Stokes ya aro sunan dutsen a 1852, ya laƙaba wa wannan nau'in ƙyalli a ilimin kimiyya.

A zamanin Amurkawan, ma'aikatan ramin 'yan ƙalilan ne, aikin kuwa na haƙuri ne. Da safe sukan shiga da hular kwano da fitila a goshi, su fara duba rufin ramin, domin dutsen da ya sassauta yana iya ruftowa ba sallama. Inda ya yi rauni sai a kafa gumagumai a tokare shi. Sa'an nan a huda bango, a ɗura nakiya, a tashe ta, a kwashe tarkacen cikin ƙaramin tarago. Ana iya shafe kwanaki a haka ba a ga komai ba.

Idan aka dace da kogon da duwatsun suka tsiro a ciki, sai a ajiye nakiya. Kogon yakan kasance cike da laka, saboda haka da mesar ruwa da yatsu ake bi a hankali, mutum na kwance cikin sanyi da taɓo. Fulorait ba shi da tauri, wuƙa ma tana karce shi, kuma bugu kaɗan ke tsaga shi. Don haka sai a kawo zarton inji mai haƙoran lu'ulu'u a yanko shi tare da dutsen da yake manne a kai. Tsaguwa ɗaya a kusurwa ta isa ta karya darajarsa, wahalar mako guda ta tashi a banza.

Da maraice akan naɗe kowane dutse da takarda, a jera cikin akwatuna. A wancan zamani, ƙarshen lokacin aiki sai a aika da su Amurka a wanke, a gyara, a kai babbar kasuwar duwatsu ta birnin Tusan a jihar Arizona, wadda ke ci cikin watan Fabrairu. A lokacin, a can ne ake sanin ko an ci riba.