Jinyar Mai Gyambon Ciki: Abin da Idon Nas Ke Gani Kafin Na'ura

Akwai wata tambaya da ma'aikatan jinya kan yi wa mai ciwon ciki, wadda kunya ke hana yawancin mutanenmu amsa ta kai tsaye. Nas za ta sunkuyo, ta rage murya, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, bayan gidanka na kwana biyun nan wane launi ne?" Dattijo ya kau da kai. Ɗansa da ke tsaye a gefen gado ya yi wuf ya ce, "Lafiya lau yake, Sista, olsarsa ce kawai ta tashi." Alhali amsar wannan tambaya ce kan bambanta wanda za a ba ƙwaya ya koma gida da wanda za a fara nema wa jini tun a daren.

Dalili kuwa, jinin da ya zuba a tumbi ko a farkon ƙaramin hanji ba kasafai yake fitowa ja ta ƙasa ba. Ruwan tsamin da tumbi ke narkar da abinci da shi yakan sauya shi, hanji ma ya ƙara nasa, sai ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, yana danƙo, da wani irin wari da duk wanda ya taɓa jinsa ba ya mantawa. Jinin da bai wuce mililita 50 zuwa 100 ba, ya isa ya baƙanta bayan gida. Nas da ta san aikinta ba ta tsayawa nan, za ta tambaya ko yana shan ƙwayar ƙarin jini, ko wani maganin ciki mai sinadarin bismuth, domin su ma suna baƙanta bayan gida, sai dai babu danƙon, babu warin. Haka amai. Wani jajir yake zuwa, wani kuma baƙi-baƙi, gari-gari, alamar jinin ya ɗan jima a tumbi.

Daga nan sai ta kama wuyan hannunsa. A ganina wannan shi ne aiki mafi daraja a jinyar irin wannan majinyaci, kuma ba ya buƙatar wutar lantarki. Jinin jikin babban mutum kusan lita 5 ne. Idan ya fara tsiyaya, jiki yakan yi ƙoƙarin rufa asiri: zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jinin fata su tsuke don a tura abin da ya rage zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa saurayi mai ƙarfi zai iya rasa jini mai yawa, a ɗaura masa abin awo a damtse a ga lamba mai kyau, kowa ya sake. Bugun jini shi ke fara tona asirin. Na mai lafiya a zaune yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya. Idan ya haura 100 yana ta hawa, tafin hannu ya yi sanyi yana gumi, majinyaci yana ta neman ruwa, ya kasa natsuwa, jiri na ɗibarsa da zarar ya tashi zaune, fitsari ya ragu, to jini na zuba ko da babu wanda ya ga ɗigo ɗaya. Awo guda ba ya faɗin komai. Sai an maimaita, wani lokaci duk bayan minti 15, an rubuta, sannan a ga inda aka dosa. Hatta gwajin ƙarfin jini na farko yakan yaudari mutum, domin sai bayan wasu sa'o'i lambar ke sauka ta nuna ainihin asarar da aka yi.

A shekarar 2000 wasu likitoci a birnin Glasgow, ƙarƙashin jagorancin Oliver Blatchford, sun fitar da ma'aunin gane wane mai zubar jini ne ke cikin haɗari. Idan ka duba abubuwan da suka lissafa, za ka tarar da yawansu da hannu da baki ake samo su: bugun jini, awon jini na damtse, baƙin bayan gida, ko ya suma, ko yana da ciwon hanta ko na zuciya.

Batun hantar nan ya shafe mu ƙwarai. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasashenmu, kuma idan hanta ta ƙandare, jini yakan rasa hanya, ya koma ya kumbura jijiyoyin da ke ƙasan bututun abinci. Ranar da ɗaya ta fashe, aman jini ne ba ƙaƙƙautawa. Don haka idan nas ta ɗaga fatar idon majinyaci tana duban ko ya yi ɗorawa, ko ta dafa cikinsa ta ji ko ruwa ya taru, ba ɓata lokaci take yi ba. Maganin wannan daban yake da na gyambo.

A asibitocinmu, rabin jinya a hannun dangi yake. Su ke riƙe roba, su ke wanke fo, su ke kwana a tabarma a gindin gado. Kuma tsafta da kunya kan sa su yi saurin kawar da abin da ya fi kowane bayani amfani. Uwargida ta ga maigidanta ya yi amai, kafin nas ta iso ta zubar, ta ɗauraye robar tas. Da za a bari a gani, ko a ɗauki hotonsa da waya, da an san launi, an ƙiyasta yawa. Sai kuma tausayi. An ce kada ya ci, kada ya sha, amma dare na yi sai a ciro fulas a ba shi kunu kaɗan "don ya samu ƙarfi". Ban ga laifin mai tausayi ba idan ba a gaya masa dalili ba. Dalilin shi ne, za a iya zura masa na'urar leƙen ciki, wadda ke buƙatar tumbi ya zama fayau na kimanin sa'a 6, ko kuma a shiga da shi tiyata, inda abin da ke cikin tumbi zai iya kwararowa ya faɗa huhu yana cikin barcin allura. Nas da ta zauna minti biyu ta yi wannan bayani, ta nuna wa 'yar majinyaci yadda za ta jiƙa auduga ta goga masa a leɓe, da yadda za ta juya shi ta gefe idan amai ya taso don kada ya shaƙe, ta samu abokiyar aiki har wayewar gari. Wadda ta daka tsawa ta wuce, za a ci gaba da ba da kunun a ɓoye.

Haka batun ƙarin jini. Dangi kan matsa a ƙara leda bisa leda, suna ganin yawansa shi ne alheri. Wani babban bincike da aka yi a Barcelona, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa a yawancin masu irin wannan zubar jini, waɗanda aka jinkirta wa ƙari har ƙarfin jininsu ya sauka ƙasa da 7 sun fi tsira bisa waɗanda aka fara ƙara wa tun yana ƙasa da 9. Wannan bai shafi wanda jini ke kwarara masa ba tsayawa ba, kuma mai ciwon zuciya ma lissafinsa daban ne. Amma ya isa ya nuna cewa jinkirin likita ba kullum ne sakaci ba.

To me ke huda tumbin tun farko? Shekaru da dama duniya ta ɗora laifin a kan damuwa da yaji da yunwa. A 1982, a birnin Perth na Ostireliya, wasu likitoci biyu, Robin Warren da Barry Marshall, suka yi nasarar rainon wata ƙwayar cuta mai lanƙwasa da ke zaune a bangon tumbi, wadda daga baya aka raɗa wa suna Helicobacter pylori. Likitoci suka ƙi yarda cewa wani abu mai rai zai iya zama a cikin wannan tsami. A 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ya raini ƙwayoyin a ciki, cikin 'yan kwanaki ya fara amai, aka leƙa aka ga tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su biyun kyautar Nobel. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da wannan ƙwaya, a Afirka ma adadin ya fi haka, kuma galibi tun ana yara ake ɗaukarta a gida. Yawanci ba ta yi musu komai. Tsiraru ne take yi wa gyambo, kuma tun 1994 aka saka ta cikin abubuwan da ke haddasa sankarar tumbi.

Ɗaya dalilin kuwa muna sayensa da kuɗinmu. Manomi ya dawo daga gona jiki ya yi tsami, ɗan dako ya sauke buhunan yini, tsohuwa gwiwa ta hana ta sallah a tsaye, sai a aika kemis ko a tsayar da mai tallar magani a haɗo "na ciwon jiki". A cikin ƙullin za ka tarar da diclofenac da ibuprofen da piroxicam, wani lokaci har da aspirin, dukkansu dangi ɗaya. Suna kashe raɗaɗi, gaskiya ne, amma suna rage majinar da ke kare bangon tumbi daga tsaminsa. Abin da ya fi tayar da hankali, ga tsofaffi gyambon kan girma shiru babu ciwo, sai dai a ga jini. Idan nas ta ce "wane magani kake sha?" mutum yakan ce babu, domin a wurinsa magani shi ne wanda likita ya rubuta. Gwanar nas cewa take yi, "Hajiya, idan ƙafar nan ta dame ki, me kike sha?" Nan take za a kwance bakin zani a nuna mata.

Kashe ƙwayar Helicobacter pylori ɗin nan kuwa na buƙatar magani uku ko huɗu a haɗe, galibi na kwana 14: mai rage tsami irin su omeprazole, da masu kashe ƙwayoyi irin su amoxicillin da clarithromycin ko metronidazole. Baki kan yi ɗaci, ciki kan ɗan ɓaci, kuma a kwana na huɗu ciwon ya lafa. A nan ake asarar mutane da yawa. Wanda aka gaya wa tun farko cewa ɗacin zai zo kuma zai wuce, yakan daure ya ƙarasa. Wanda aka miƙa wa leda kawai, ajiyewa yake yi, ƙwayar da ta rage ta ƙara taurin kai. Shi omeprazole kafin karin kumallo ake shansa da kimanin rabin sa'a. Bayan an gama, a jira aƙalla mako 4 a sake gwaji, na numfashi ko na bayan gida, a tabbata ta mutu.

Madara da nono, waɗanda kowa ke ba mai olsa, suna sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya tumbi ya ƙara fitar da tsami. Jiƙa kanwa a sha ma ba ya warkar da gyambo. Yaji ba ya huda tumbi, ko da yake yana iya tsokano zafi ga wanda ke da shi. Taba da giya su ne ya kamata a rabu da su. Ina jin takaicin ganin majinyaci ya rame don an hana shi komai sai kunu da farar shinkafa, alhali abin da ke damunsa kawai ya kamata ya bari. Mai ƙwannafi kuwa, wanda tsami ke hawo masa ƙirji don zoben tsokar da ke rufe bakin tumbi ya saki, ya rage cika ciki, ya bar sa'a 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya, ya kwanta ta gefen hagu, ya sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai. Tara filo kawai lanƙwasa ciki yake yi.

Ba duk zafin ƙahon zuciya ne olsa ba, kuma gane wannan na cikin aikin nas. Dattijo mai ciwon suga da ya zo da nauyin ƙirji da gumi, zuciyarsa za a fara aunawa. Mai juna biyu da cikinta ya tsufa, ta zo da ciwon ƙahon zuciya da ciwon kai da kumburin fuska, a auna jininta da fitsarinta nan take, domin jijjiga na iya biyo baya. Wanda loma ke tsaya masa a ƙirji, yau nama, gobe tuwo, jibi har kunu, yana ramewa, leƙen ciki yake buƙata ba ƙarin ruwan magani ba. Na'urar kuwa galibi sai manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Kano da Zariya, shi ya sa tura shi da wuri ke da muhimmanci. Wanda ciwo ya soke shi farat ɗaya, ciki ya sandare ba ya taɓuwa, mai yiwuwa gyambon ya ɓule, wannan na tiyata ne a ranar.

Sai yaran gidajen da ake haɗa sabulu. Ruwan sodar da ake haɗa sabulun da shi, idan an zuba a gorar ruwan sha, ba shi da launi, yaro mai ƙishi ba zai bambance ba. Idan ya sha, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja, domin aman zai sake ƙona hanyar da sodar ta bi. A garzaya da shi asibiti tare da gorar. Ko ya ga kamar ya warke, a mayar da shi ranar da aka ce, saboda tabon kan tsuke bututun abinci bayan makonni, har yaro ya kasa haɗiyar yawu.