TIYON DA KE KWASHE JINI DON A GYARA ZUCIYA

 Watan nan zancen zuciya za mu yi.

Kun sha ji ga rediyo an ce an yi wa wani yaro aikin zuciya. An buɗe ta, an gyara, an ɗunke, kuma yaro ya tashi. Da yawa cikinmu ba su yarda ba. Cikin ajinmu na yaƙi da jahilci nan Kore Mairuwa, wani mahauci ya ce mini: "Malam, ni kullum cikin jini nike. Wanda ya sa wuƙa ga zuciya, da mi za shi tare jinin?" Tambaya ce ta mai hankali. Amsarta tana ga wani tiyo na roba wanda lokotoro ke kira kanul.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Ran layya, in an feɗe rago, ku ɗauki zuciyar ku duba. Zuciyar mutum kusan haka take. Tana da ɗaki 4, biyu sama, biyu ƙasa, da ƙyaure 4 masu buɗewa da rufewa don kada jini shi koma baya. Wajen dama za ku ga manyan jijiyoyi 2 masu laushi, har yatsa na shiga cikinsu. Ɗaya tana kawo jinin kai da na hannuwa. Ɗaya tana kawo na ƙafafu da na ciki. Jinin da suke kawowa ya riga ya zagaya jiki, ya gaji, shi ya sa launinshi ya yi duhu. Zuciya tana tura shi ga huhu shi sha iska, shi yi ja, sannan ta sake tura shi cikin jiki.

Babban mutum yana da jini kamar litir 5. Kuma duk minti guda, kusan litir 5 ɗin nan sai sun ratsa zuciya. To, mai gyaran rijiya ba ya aiki ruwa na bisa kanshi. Sai an kwashe. Haka lokotoro ba ya ɗunki cikin zuciya tana cike da jini, tana motsi. Sai dai ita rijiya ana iya barin ta ba ruwa wuni guda. Shi ko mutum, in jini ya tsaya, minti kaɗan ƙwaƙwalwa ke lalacewa. Dole a tare jinin tun bai shiga zuciya ba, a bi da shi wata hanya, a mai da shi jiki.

Ga yadda ake yi. Ana sa marar lafiya barci da magani, ba ya jin komi. A buɗe ƙirji. A yi mishi allurar wani magani mai suna eparin, wanda ke hana jini daskarewa, don jini in ya taɓa roba sai shi yi guda-guda. Sannan lokotoro shi yi ɗunki na zagaye bisa ɗakin sama na dama, kamar zariyar wando. Shi huda tsakiya, shi zura kanul, shi ja zaren. Sai naman shi kama tiyon tsam, jini ba ya zuba ta gefe.

Kanul na babban mutum ya kai kaurin yatsa. Bakinshi yana da huji da yawa. An naɗe waya cikin robar don kada ta lanƙwashe ta toshe. Wani lokaci guda ɗaya ya isa. Amma in ɗakunan dama za a buɗe, sai a sa biyu, kowace babbar jijiya da nata, a ɗaure jijiyar bisa tiyon da ɗan ƙyalle. Ta haka jinin jiki ba ya shiga zuciya. Akwai kuma inda ake zura kanul tun daga jijiyar gindin cinya, a tura shi sannu har ya kai zuciya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ke jawo jinin. Galibi ba inji ba ne. Gangare ne. Kun ga masu saida isansi bakin hanyar Doso zuwa Dogon Dutsi. Tano yana bisa, bido yana ƙasa, tiyo tsakaninsu. Da an cika tiyon, isansi na zuba da kanshi. To dabara ɗaya ce. Gadon marar lafiya yana sama, tulun da ke karɓar jini yana ƙasa da shi kamar kamu ɗaya ko fiye kaɗan. In ana son jini shi ƙara gudu, har gadon ake ɗagawa. Inda gangare bai isa ba, sai a ƙara da ɗan zuƙo na inji.

Kuma cikas ɗin ma ɗaya ne. Mai isansi ya san in iska ta shiga tiyo, zuba ta tsaya. Nan ma haka. Iska in ta taru cikin tiyon jini, sai jini shi daina sauka, zuciya ta sake cika. Masu garka cikin fadamar Dallol Mawri sun san na biyun. In injin ban ruwa ya fi ƙarfin rijiya, sai shi shanye ruwa shi kama zuƙar rairayi. Jijiya laushi gare ta. In an ja da ƙarfi, sai ta manne ga bakin kanul, ta rufe hujin, tiyo shi riƙa karkarwa. Sai an sassauta, ko a ƙara wa marar lafiya ruwa ko jini. Don haka akwai ma'aikaci guda wanda ba shi da wani aiki sai tsaron inji. Idonshi na bisa tulun nan tun farko har ƙarshe. In tulun ya ƙafe, inji na iya tura iska cikin jijiya, ita ko iska cikin jijiya tana kisa. Ga ganina mutumen nan ya cancanci yabo kamar mai riƙe da wuƙar, amma ba a faɗin sunanshi ga rediyo.

Daga tulu, inji na tura jinin cikin wani gwangwani mai aikin huhu. Jini shi shiga da duhu, shi fito ja wur. Wani kanul, wanda bai kai na farko kauri ba, shi mai da shi cikin babbar jijiyar da ke rarraba jini ga jiki. Sannan a zuba wa zuciya wani magani, galibi mai sanyi, ta tsaya cik. Mutum na da rai, zuciya tana hutawa, lokotoro na ɗunki. In an gama, a sake mata jini, ta kama bugawa. A rage gudun inji kaɗan-kaɗan, a zare kanul, a ja zariya a ƙulle, a ba da maganin da ke karya eparin.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. Wani lokotoro na Amurka, John Gibbon, ya yi shekara wajen 20 shina neman ta, shi da matarshi, suna gwaji bisa kyanwoyi. Ran 6 ga watan Mayu 1953, cikin birnin Filadelfiya, ya toshe huji cikin zuciyar wata yarinya mai shekara 18. Minti 26 inji na yi mata aikin zuciya da huhu, kuma ta warke. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun yi nasu na farko a Enugu cikin 1974, inda Magdi Yacoub, haifaffen Masar, ya yi aiki tare da Fabian Udekwu. Bamako ta yi cikin 2018, Wagadugu cikin 2021. Yamai ma an shiga yin shi, cikin babban asibitin nan da ƙasar Sin ta gina, wanda anka yi bukin buɗe shi cikin 2016.

Yanzu su wa ake kai wa ga wannan aiki? Waɗansu yara da huji ake haihuwarsu. Amma da yawa cikin ƙasashenmu, ciwon maƙoshi ne ya kai su. Yaro mai shekara 5 zuwa 15 shi yi ciwon maƙoshi da zazzaɓi. A bar shi. Bayan sati 2 ko 3, gwiwa ta kumbura, gobe ciwon shi koma idon sawu ko gwiwar hannu. A ce sanyi ne. Gaɓoɓi su warke, amma ciwon ya riga ya taɓa ƙyauren zuciya. Shekaru su wuce. Sai ka ga saurayi ba ya iya kai ƙarshen kunya ba tare da haki ba, ko amarya ta kasa numfashi ga cikin fari, ƙafafu sun kumbura.

In ƙyauren ya lalace sarai, sai a sake wani. Makiyaya, ku ji nan: akwai wanda ake yi da tantanin da ke lulluɓe zuciyar sa. Sai dai yana tsufa, kuma ya fi saurin tsufa jikin yaro. Na ƙarfe yana daɗewa, amma mai shi zai sha maganin tsinka jini muddin ranshi, kuma sai an riƙa auna jinin nashi a kai a kai. Daga nan zuwa Yamai ya fi kilomita 200. Ku lissafa kuɗin mota, da na mai jiyya, da gonar da za a bari ba noma.

Ƙwayar cutar da ke kawo wannan ciwon maƙoshi, penisilin na kashe ta, kuma ba sai an je Yamai ba. Cire beli wajen wanzami ba ya kashe ta. Yaron da ke kuka in zai haɗiye abinci, jikinshi da zafi, ba tari ba mura, a kai shi gidan likita mafi kusa, ko na Kore Mairuwa, ko Tibiri, ko Dogon Dutsi. In ƙwayoyi anka ba shi, galibi na kwana 10 ne, shi shanye su duka ko da ya ji sauƙi ran na 3. Wanda kuwa gaɓoɓinshi sunka riga sunka kumbura, allura ce za a riƙa yi mishi duk sati 3 ko 4, shekara da shekaru. Ku da kunka iya karatu yanzu, ku rubuta ranar allurar bisa takarda, ku liƙa ta bayan ƙyauren ɗaki.

Daga malamin yaƙi da jahilci, Kore Mairuwa