Ƙwaya ɗaya, jiki daban: darasin gado da matasa za su iya koya ta intanet

Abokai biyu na iya shan tramol iri ɗaya, ɗaya ya ce bai ji komai ba, ɗayan kuwa a kwashe shi zuwa likita numfashi na sarƙewa. Wani ɓangare na dalilin yana cikin ƙwayoyin gado da kowa ya samu daga iyayensa.

A cikin hanta akwai sinadari mai suna CYP2D6, wanda ke juya tramol da kodin zuwa nau'in da ya fi ƙarfi. Wasu an haife su da sinadarin mai rauni, maganin ba ya rage musu zafin ciwo, sai su ƙara ƙwaya har ta kai su ga jijjiga. Wasu nasu na aiki da sauri, kaɗan ma na iya zame musu guba. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 waɗannan magunguna biyu a 2017.

Shafin Learn.Genetics na jami'ar Utah yana koyar da ilimin gado kyauta, da zane-zane da gajerun bidiyo da ɗan lise zai iya bi a wayarsa. Cikas a Maradi ko Damagaram shi ne shafin da Ingilishi yake, ga tsadar intanet. Nan ne malamin SVT ke da rawar takawa: ya fassara darasin, ya ɗaura shi kan tramol, ƙwayar da ɗalibansa ke gani ana miƙa wa juna a tashar kabu-kabu.